Tafin Ƙafa da Faɗuwar Tsofaffi

Jama'a, ku sani abubuwa uku ne ke tsayar da mutum bisa ƙafafunsa: ido, da can cikin kunne, da jijiyoyin tafin ƙafa. Jijiyoyin nan su ke sanar da ƙwaƙwalwa irin wurin da aka taka, ko tudu ne, ko gangare, ko santsi. In shekaru suka yi nisa sai jinsu ya ragu. Ciwon sukari da kuturta da yawan shan giya kuwa su kan kashe shi ɗungum.

Ku dubi dattijon da ke zaune a Mubi, gindin duwatsun Mandara. In ya fita sallar asuba cikin duhu, ido ba ya taimakonsa. In kuma tafin ya mutu, tsakuwa guda ta isa ta kā da shi, ƙashin ƙugu ya karye. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa kan kashe mutum wajen 684,000 kowace shekara, waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa.

Saboda haka a riƙa duba tafin tsofaffi kullum, ko akwai ƙaya ko gyambo. A ba su takalmi mai kama diddige, da sanda, da tocila. Wanda ke ji kamar auduga yake takawa, ko takalmi ya suɓuce masa bai sani ba, a kai shi asibiti tun bai faɗi ba.