Kafin a sa ragar ƙarfe a zuciya: me ya sa likita ke son ganin hoton jijiya tukuna?

Daga nan Lazare, cikin birnin Yamai, yau za mu yi magana kan wani abu da ke sa iyalai tara kuɗi cikin gaggawa. A ce Baba ne ƙirjinsa ke ɗaurewa in ya yi ƴar tafiya, likita ya ce jijiyar zuciyarsa ta toshe, sai an sa mata "sitent". An buga waya Abijan da Kano, kuɗi sun haɗu, sai kuma likita ya ce a dakata, a yi hoto tukuna. To, kada a ɗauka neman kuɗi ne. Ga dalili.

Zuciya na da jijiyoyinta da ke ba ta jini, faɗinsu bai fi milimita 3 zuwa 4 ba, kamar tsinken asuwaki siriri. Kitse na taruwa a bangonsu har hanya ta ƙuntace. Sitent wata ƴar raga ce ta ƙarfe da ake zurawa ta jijiyar hannu ko ta matsematsi, a hura ta da ƴar balan-balan, ta tokare bangon, jini ya samu hanya. An fara buɗe jijiya da balan-balan a 1977 a Zurik, ƙasar Suwizalan, sitent na farko kuwa a 1986 aka sa shi a Tuluz ta Faransa.

Ga inda gizo ke saƙa. Kun san farin dattin nan mai tauri da ke manne wa cikin butar shayi in ta daɗe? Haka sinadarin kalsiyam ke taruwa cikin kitsen jijiya, ya sandare kamar ƙashi. Ya fi kama tsofaffi, da masu ciwon suga, da masu ciwon ƙoda, da masu hawan jini, da masu shan taba. In jijiya ta yi tauri haka, ragar ba ta buɗewa duka. Ragar da ba ta buɗe ba kuwa, jini na iya daskarewa cikinta farat ɗaya, ko hanyar ta sake toshewa bayan watanni. Kun ga an kashe kuɗi, ciwo na nan, haɗari ya ƙaru.

Shi ya sa ake hoto. Na farko shi ne sikana, wadda ke ɗaukar ƙirji daga waje ba tare da an zura komai a jijiyar zuciya ba. Tun 1990 wani likitan Amurka, Arthur Agatston, ya fito da yadda ake auna kalsiyam da lamba: 0 na nufin ba a ga komai ba, 400 zuwa sama kuwa ya yi yawa sosai. Sai dai lambar kaɗai ba ta yanke hukuncin sa sitent.

Na biyu shi ne koronarogarafi: a zura siririn tiyo, a watsa ruwan da ke sa jijiya ta fito a allo. Shi ke nuna wurin da ya toshe, amma kalsiyam na yawan ɓuya masa. A wani bincike na 1995 kan wurare sama da 1,000 da suka toshe, wannan hoto ya ga kalsiyam a kashi 38 cikin 100, na'urar da ke shiga cikin jijiya kuwa ta gani a kashi 73.

Wannan na'urar ita ce hanya ta uku. Akwai mai aiki da sauti kamar ekon mata masu ciki, ana ce mata IVUS, akwai mai aiki da haske, OCT. Likita na duba abu uku: ko taurin ya zagaye fiye da rabin jijiya, ko kaurinsa ya wuce rabin milimita, ko tsawonsa ya wuce milimita 5. In duka ukun sun haɗu, ragar za ta sha wuyar buɗewa, sai an fasa taurin tukuna: ko da ƙaramin kan niƙa mai garin lu'ulu'u da ke juyawa sama da sau 140,000 a minti, ko da girgizar sauti irin ta fasa dutsen ƙoda. Wani lokaci ma hoton kan nuna tiyata ta fi, ko magani kaɗai ya isa.

A nan Yamai, da babban asibitin ƙasa da asibitin Referans da aka buɗe a 2016 duk suna da likitocin zuciya, su ne matakin farko. Ko a gida za a yi aikin, ko a Tunisiya, Maroko ko Indiya, matambayi ba ya ɓata. Ku tambayi likita: jijiyar ta yi tauri? Da wane hoto aka gani? In ta yi, kuna da kayan fasa ta, kuma kuɗinsu na cikin lissafin da kuka ba mu? A kuma auna ƙoda kafin a sa ruwan hoto, don yana iya wahalar da ƙodar da ta riga ta raunana. Faifan hoton da takardunsa a adana su, a tafi da su duk inda za a je.

Bayan aiki akan ba da aspirin da wani maganin tsinka jini, galibi wata 6 zuwa 12. Kada mara lafiya ya daina sha don ya ji sauƙi. Masu aiko da kuɗi, ku sa kuɗin maganin nan cikin lissafi tun farko.

Amma fa a kula: in ciwon ƙirji ya taso da ƙarfi, da gumi da ɗaukewar numfashi, ya wuce minti 15 bai lafa ba, ba maganar jiran hoto ko sikana. A nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu ɗawainiya da alheri.