Tukuici Akwai, Kariya Babu: Halin da Masu Kwarmata Bayanai ke Ciki a Najeriya

A 2024 ofishin shugabar ma'aikatan tarayya ya fitar da takardar gargaɗi ga ma'aikata kan yadda takardun gwamnati ke yawo a shafukan sada zumunta, tare da barazanar hukunci. Nan da nan muhawara ta kaure. Masu kwantar wa mutane hankali suka riƙa cewa ai babu abin tsoro, tunda tun zamanin Buhari akwai dokar da ke kare mai tona asirin ɓarayin gwamnati.

Wannan magana ta yaɗu ƙwarai, kuma ba gaskiya ba ce. Abin da Ma'aikatar Kuɗi ta ƙaddamar a Disambar 2016, lokacin Kemi Adeosun tana minista, tsari ne na ɓangaren zartarwa, bai bi ta majalisa ba. Alkawarinsa shi ne tukuici: kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato. Ya yi aiki a farko. A Afrilun 2017 hukumar EFCC ta buɗe wani gida a Ikoyi, Legas, ta tarar da dala miliyan 43 da ɗoriya a jibge, lamarin da ya ci kujerar shugaban hukumar leƙen asiri ta NIA, Ayo Oke. Amma ko shi wanda ya tsegunta sai da lauyansa ya yi ta kuka a jaridu kafin a biya shi, bayan watanni.

Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin kare masu kwarmato a 2017, bai zama doka ba. Majalisar Zartarwa ta amince da wani daftarin a ƙarshen 2022, gwamnatin ta sauka ba a sa masa hannu ba. Ghana kuwa tun 2006 ta yi tata dokar.

Me wannan giɓi ke nufi ga ƙaramin akawu da ya ga an biya kuɗin kwangilar da ba a yi ba? Tamkar a ce wa yaron shago ya tona maigidansa za a ba shi goro, alhali gobe da safe shagon zai koma, kuma maigidan ke riƙe da makulli. Ba safai ake kai mai kwarmato kotu ba. Hanyoyin cin ƙaniyarsa sun fi haka sauƙi: takardar tuhuma, dakatarwa, riƙe albashi, tsallake shi a ƙarin girma, ko a tura shi wani ofishin da ko kujera babu. Wani mataimakin darakta a wata hukuma da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje ya kai ƙarar almundahana a 2016, sai aka sallame shi a farkon 2017. Sai da ƙungiyoyin farar hula suka tada jijiyar wuya aka mayar da shi bakin aiki.

Abin takaici, akwai makamin da yawancin ma'aikata ba su san suna da shi ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2011, ta bai wa hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar ɗan ƙasa. Sashe na 27 ya ce Dokar Sirrin Gwamnati ba za ta hau kan ma'aikacin da ya fallasa abin da ya yi imani zamba ce, ko almubazzaranci, ko barazana ga lafiyar jama'a ba. Sashe na 28 kuma ya ce hatimin sirri kaɗai bai isa dalilin hana takarda ba. Duk da haka dokar sirrin ta 1962, mai ɗaurin da ya kai shekara 14, tana nan daram, kuma ita manyan sakatarori suka fi son ambato. Babu mai musun cewa shirin kai wa 'yan bindiga farmaki sirri ne. Takardar sayen motocin ofis fa, tsaron wa take karewa?

Idan ma'aikaci ya rasa mafita sai ya nufi ɗan jarida, shi ma ɗin ba tsira ya yi ba. A Agustan 2018 'yan sanda sun tsare Samuel Ogundipe na Premium Times suna neman ya faɗi wanda ya ba shi wani rahoton Sufeto Janar. A Janairun 2019 sojoji suka mamaye ofisoshin Daily Trust a Maiduguri da Abuja. Kanawa kuma ba su manta da Jaafar Jaafar ba, wanda a 2018 ya wallafa bidiyon da ke zargin gwamnan Kano na lokacin, Ganduje, da karɓar daloli, zargin da Ganduje ya musanta. A 2021 ya bar ƙasar zuwa Ingila yana cewa rayuwarsa na cikin haɗari.

Jama'a ma suna da nasu laifin. A ofis da unguwa, sunan wanda ya tona sata munafuki ne ko mai baƙin ciki, har a riƙa zuwa wurin iyayensa ana cewa su ja masa kunne. Kuma da wuya a ji wani taron mazaɓa a Arewa inda aka titsiye ɗan majalisa kan inda ƙudurin 2022 ya maƙale.