Lasisi a Hannu, Aiki Bai Samu Ba

Makarantar Koyon Aikin Jinya ta Katsina da ta Unguwarzoma ta Malumfashi suna yaye yaranmu. Bayan sun ci jarrabawar Hukumar Jinya da Unguwarzoma ta Nijeriya sun karɓi lasisi, sai jira ya soma. Gwamnati ba kullum take ɗaukar ma'aikata ba. Wasu kan yi aikin sa-kai ba albashi, wasu kuma su shiga asibitocin kuɗi, inda ladan bai taka kara ya karya ba. A 2024 hukumar ta ce nas-nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku.

A ƙasar Daura, idon kowa yana kan asibitocin cikin gari, alhali ƙauyukan Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa ne suka fi bukatar hannu. Can sabuwar nas takan kwana ita kaɗai da mai naƙuda, da fitila a hannu. Aikin da wuya, amma nan hannu yake faɗawa.

'Yan'uwa iyaye, idan an tura 'yarku ƙauye, kada ku bi ofis-ofis neman canji. Ku nema mata masauki mai aminci, ku riƙa ziyartarta.