Fim Ɗin Kaboyi: Rigar Aro Daga Japan Zuwa Njamena

Duk wanda ya yi wayo a garin nan tun ana kiransa Fort-Lamy, kafin a sauya masa suna zuwa Njamena a 1973, ba sai an gaya masa mene ne fim ɗin kaboyi ba. A gidajen silima irin su Normandie da Rio da Shéhérazade da Étoile, fina-finan kaboyi da na Indiya su ne abincin dare, kuma ko wanda bai ji Faransanci ba yakan bi labarin tiryan-tiryan, har ya riƙa gaya wa na kusa da shi abin da zai faru. Yaƙin 1979 da 1980 ya durƙusar da waɗannan gidaje, sai a 2011 aka gyara Normandie aka sake buɗe shi.

Abin da ya sa kowa ke gane fim ɗin kaboyi shi ne yana da ƙa'idojinsa, kamar yadda tatsuniya ke da nata. Baƙo ne zai shigo gari bisa doki, ba a san asalinsa ba, wani lokaci ko suna ba shi da shi. Zai tarar da garin babu doka, 'yan ta'adda sun kasu gida biyu, talakawa sun kulle ƙofofinsu. Jarumin ba ya yawan magana. Sai miyagu sun kama shi sun yi masa dukan kawo wuƙa kafin ya farfaɗo, sannan a yi karon ƙarshe a tsakiyar titi, ido cikin ido, wanda ya riga zare bindiga shi ne mai gaskiya. Da ya gama sai ya kama hanyarsa, ba ya zama ya ci ribar zaman lafiyar da ya kawo.

Da yawa cikinmu mun ɗauka wannan tsari na Amurka ne kaɗai, alhali kuwa rigar ta sha aro. A 1961 Akira Kurosawa na Japan, wanda ya ƙaunaci fina-finan John Ford, ya yi "Yojimbo", labarin wani mai takobi mara ubangida da ya haɗa ƙungiyoyi biyu faɗa har suka cinye juna. A 1964 Sergio Leone na Italiya ya kwashe labarin ya sa wa Clint Eastwood hula da bindiga ba tare da izini ba, har maganar ta kai ga shari'a aka biya Kurosawa. A 1966 Sergio Corbucci ya fito da "Django", inda Franco Nero ke jan akwatin gawa da mashinga a ciki. Turawa suka laƙaba wa irin waɗannan fina-finai kaboyin taliya, Japanawa kuwa suka ce kaboyin makaroni.

A 2007 sai Takashi Miike ya mayar da rigar gida da fim ɗinsa "Sukiyaki Western Django". Sukiyaki wani abincinsu ne da ake zuba nama da ganye a tukunya ɗaya, kusan dafa-dukanmu, kuma haka fim ɗin yake. Ga baƙo mara suna, ga zinariyar da ake rikici a kanta, ga akwatin gawa da mashinga. To amma ƙungiyoyin biyu su ne Heike masu jan kaya da Genji masu farin kaya, sunayen gidaje biyun da suka gwabza yaƙin sarauta a Japan har aka murƙushe Heike a 1185. Kowane ɗan Japan ya san wannan tarihi, saboda haka da ganin launin riga ya san ɓangaren mutum.

Miike bai ɓoye cewa aro ya yi ba, da gangan ma yake nunawa. A farkon fim ɗin, dutse da ranar da ke bayan 'yan wasa zane ne ƙuru-ƙuru, kamar labulen wasan 'yan makaranta. Yawancin 'yan wasan Japanawa ne, amma Turanci suke yi da ƙyar. Shugaban jajaye yana karanta littafin Shakespeare a kan yaƙin gidan jan fure da na farin fure a Ingila, har ya ce a riƙa kiransa Henry. Karon ƙarshe kuwa takobi ne da bindiga a cikin dusar ƙanƙara. Wannan duk tamkar "ga ta nan ga ta nanku" ne: ana shaida wa mai kallo cewa tatsuniya ce, ya zuba ido ya ga yadda za a juya ta. Akwai kuma yaro wanda ubansa Heike ne uwarsa Genji, ya daina magana tun da aka kashe uban a gabansa. A ƙarshe aka ce shi ne ya girma ya tafi Italiya ya zama Django. Wato dai gabar ba ta ƙare ba, gadonta aka yi.

Mu ma a wannan yanki an ari rigar, kuma tun kafin Miike da shekara 41. A 1966 marigayi Moustapha Alassane na Nijar ya yi "Le Retour d'un aventurier". Wani saurayi ne ya dawo ƙauyensu daga ƙasar waje da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Nan take suka yar da sunayen yanka, wannan ya zama Black Cooper, wancan James Kelly, budurwar cikinsu, wadda Zalika Souley ta fito a matsayinta, ta zama Sarauniya Christine. Suka hau dawaki suka shiga sata da dambe da raina dattawa. Alassane ya kifar da ƙa'idar ne: a Amurka baƙo mai bindiga ke kawo doka garin da ba shi da ita, a nan kuwa garin yana da sarkinsa da dattawansa, kayan kaboyin ne suka kawo fitina.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne "Daratt" na Mahamat-Saleh Haroun, haifaffen Abeche, wanda ya ci kyauta ta musamman ta alƙalai a bikin fina-finai na Venice a 2006, shekara guda kafin fim ɗin Miike ya shiga gasar wannan biki. Gwamnati ta yafe wa masu laifin yaƙi, sai wani tsoho makaho ya miƙa wa jikansa Atim, ɗan shekara 16, bindiga ya ce ya tafi Njamena ya kashe Nassara, wanda ya kashe ubansa. Ga baƙo mara magana, ga bindiga a ɓoye, ga fansa. Amma Atim ya tarar da mugun ya zama mai gasa burodi, yana rabar da saura ga yara sadaka, har ya ɗauke shi aiki ya so ya mai da shi ɗansa. Da ranar karo ta zo, Atim ya kai shi gaban kakansa cikin hamada, ya yi harbi a iska, tsoho ya ɗauka an biya jini, yaro ya kama hannunsa suka tafi.

A Japan rabon da a yi yaƙin Heike da Genji ya haura shekara 800, don haka Miike yana da sararin yin wasa da jini. Mu kuwa a Cadi da yawa cikin masu kallo sun san wanda ya harbi nasu, wasu ma unguwa ɗaya suke zaune da shi. Shi ya sa Haroun ya bi dukkan ƙa'idojin kaboyi ya karya ta ƙarshe.

Ga samarinmu masu sha'awar shirya fim, da masu zargin fina-finan Kano da kwaikwayon Indiya, darasin a fili yake. An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma wanda ya iya ɗinki yakan gyara shi daidai jikinsa. Abin tambaya shi ne wa ya shigo gari, me ya tarar, kuma me ya yi da bindigar a ƙarshe. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.