Masu Barci Da Injin Numfashi: Gyaran Takunkumi Ya Fi Jefar Da Shi

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin baƙi na Sabon Badun, ko a garejin manyan motoci na Ogere, ko wajen fataken shanu a Agege, ya san irin mutumin nan da minsharinsa ke hana jama'a runtsawa. Yana cikin ja kamar tirela a kan hawa, sai a ji tsit, har na kusa da shi ya ɗaga kai ya duba ko lafiya. Can sai ya zabura yana shaƙewa, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Gari na wayewa a yi ta yi masa ba'a.

To, abin ba na dariya ba ne. Likitoci sun ce naman maƙogwaro ne ke sakewa cikin barci har ya toshe hanyar iska. Idan numfashi ya tsaya ko ya ragu ƙwarai na daƙiƙa 10 ko fiye, sai su ƙidaya ɗaya. Wanda hakan ke samunsa sau 5 zuwa 14 cikin awa guda, nasa da sauƙi. Daga 15 zuwa 29 matsakaici ne. 30 zuwa sama kuwa ya tsananta. Cutar tana tafiya da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, sa'an nan tana sa gyangyaɗi da rana tsaka. Ga direban da ke riƙe da sitiyarin tanka daga Apapa zuwa Kano, wannan magana ce ta rai da mutuwa.

Babban maganinta wata ƙaramar na'ura ce da ake kira Sipap, wadda ke hura iska ta cikin tiyo zuwa wani takunkumin roba da ake ɗaurawa a hanci. Iskar ce ke tokare maƙogwaro ya zauna a buɗe har safe. Wani likita ɗan ƙasar Ostareliya, Colin Sullivan, shi ya fara gwada ta a kan majiyyaci a birnin Sidni cikin 1980, ya kuma bayyana sakamakon aikinsa a 1981. Kafin nan, wanda cutar ta tsananta masa sai a huda masa maƙogwaro. Tun a wancan zamani takunkumin ne ya fi ba su wahala, don kuwa kowane majiyyaci sai an ƙera masa nasa daidai hancinsa, a kuma manna shi da gam a fuska kowane dare.

Yau an daina mannawa, amma har yanzu takunkumin ne ke raba mutane da yawa da injin. Mutum ya kashe kuɗi masu yawa ya saya, ya yi mako biyu, sai ya ga karan hancinsa ya yi ja, iska na hura masa ido, robar tana wari. Daga nan sai a naɗe komai a tura ƙarƙashin gado. Alhali kuwa yawancin waɗannan matsaloli ruwa da sabulu da ɗan sassauta maɗauri suna maganinsu.

Wanki

Robar da ke zama a kan fata silikon ce mai laushi, kuma babban abokin gabarta shi ne maiƙon fuska. Da zarar maiƙo ya taru sai ta riƙa santsi, iska ta sami hanyar fita. Saboda haka kowace safiya a cire ta a wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙamshi, irin na jarirai, a ɗauraye sosai, a shanya a inuwa. Rana tana busar da ita ta taurare, ruwan zafi kuma yana ɓata mata siffa. Tiyo da maɗauri da tankin ruwa kuwa, sau ɗaya a mako ya wadatar.

A nan Kurmi shanya ta fi wanki wuya. Saboda laimar Ikko da Fatakwal, musamman da damina, tiyon da aka naɗe da jiƙa yana iya yin fumfuna a ciki, dare na yi kuma mutum ya shaƙa. Sai a rataye shi a kan ƙofa ko ƙusa, bakinsa biyu suna kallon ƙasa, a bari ya tsane sarai kafin a mayar.

Kada a kusanto shi da omo, ko bilic, ko sifirit, ko ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake wanke bayan gida da shi. Suna cinye robar, abin da ya rage a jikinta kuma huhu zai tafi. Haka nan man basilin, ba a shafa shi a robar ko a hanci. Wanda ya saba shafa mai bayan wankan dare, ya wanke fuskarsa tukuna kafin ya ɗaura. Akwai kuma wasu akwatuna da ake tallarsu wai suna tsabtace kayan da iskar ozon. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi kashedi a kansu cikin 2020, bayan wasu sun kai ƙarar tari da wahalar numfashi.

Tankin da ke jiƙa iskar, tataccen ruwa na kantin magani ake zuba masa, a zubar da ragowar kowace safiya. Ruwan famfo ko na rijiya yana barin farin ƙanzo a gindinsa. Direbobi su lura: kada a ɗauko ruwan batir daga wurin makaniki a zuba, domin ba kowace kwalba ce ke raba tataccen ruwa da asid ba.

Ɗauri

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tamkewa. Mutum ya ji iska na fita sai ya ƙara ja, ta ƙara fita ya ƙara ja, har gari ya waye da sawun igiya a kumatu. Ita kuwa robar an yi ta ne don iskar injin ta cika ta, ta kumbura kaɗan ta kama fata da kanta. Idan aka matse ta sai ta lanƙwashe, ɗigon ya ƙaru.

Yadda ake yi shi ne mutum ya kwanta yadda ya saba barci, ya kunna injin, sa'an nan ya gyara, saboda fuskar mai kwance dabam take da ta mai zaune. Ya ja maɗaurin dama da na hagu daidai wa daida. In iska tana zuwa ido, ya ɗan ɗaga takunkumin daga fuska ya sake sauke shi, kafin ya taɓa maɗaurin sama. In yatsa ba ya shiga ƙarƙashin maɗauri, an matse da yawa. In an yi duk wannan bai zauna ba, watakila girman ne bai dace ba, don ana yin ƙarami da matsakaici da babba.

Masu gemu su kwantar da hankalinsu, takunkumin hanci bai kai haɓa ba. Gashin baki ne ke ɗaga robar, rage shi kuma yakan isa. In bai isa ba, akwai wani iri mai 'yan kawuna biyu da ke zama a ƙofar hanci kawai. Wanda ke tashi da bushewar maƙogwaro kuwa, alama ce bakinsa na buɗewa iskar tana tserewa. Akwai maɗaurin haɓa don wannan, ko likita ya sauya masa mai rufe hanci da baki. Kada ya liƙe bakinsa da filasta bisa ra'ayin kansa.

Gyaran da ya dace da wanda bai dace ba

Mutanenmu ba su rasa dabara, kuma wata dabarar tana da amfani. Tela na iya ɗinka wa maɗauri 'yar riga ta yadi mai laushi don kada ya bar sawu. Ana iya yanka tsohuwar singileti mai tsabta a yi shimfiɗa tsakanin roba da fata, da ƙofar hanci a tsakiya, a riƙa wankewa kullum. Rataye tiyo ta saman gado yana hana shi fizgar takunkumi in an juya. In raɓa na taruwa a cikinsa, a ajiye injin ƙasa da kan mai barci, a naɗe tiyon da zane.

Amma akwai wurin da ba a taɓawa. A gaban takunkumin akwai 'yan ƙananan huji da iska ke fita ta cikinsu ba fashi. Wasu kan ɗauka ɓaci ne su toshe da salatif. Wannan ganganci ne, domin ta nan gurɓatacciyar iskar da mutum ya fitar ke ficewa. In aka toshe, ita zai yi ta shaƙa. In datti ya cika su, buroshi mai laushi ya isa. Robar da ta tsage ba a manna ta da gam, sauyawa ake yi. Ƙarfin iskar, wanda yake tsakanin lamba 4 da 20, likita ne ke tsayar da shi bayan awo, ba abin murɗawa ba ne kamar rediyo. Ba a kuma aron takunkumi, ko tsakanin wa da ƙane.

Wasu takunkuman da maganaɗisu suke kamawa. Cikin 2022 da 2023 manyan kamfanonin da ke ƙera su sun yi gargaɗi cewa yana iya rikita na'urar daidaita bugun zuciya da wasu ƙarafan da ake dasawa a jiki, ko a jikin mai shi ko na wanda ke kwana kusa da shi. Mai irin wannan ya sanar da likita.

A tuna kuma injin iskar ɗaki yake zuƙa. Hayaƙin maganin sauro da turaren wuta da na janareta duk hanci za su nufa. Wanda zai tafi gida da hunturu ya riƙe ƙarin matacin iska, don ƙurar Arewa ba ta ɗaukar lokaci take cika shi.

Komai kulawa, roba tana tsufa. A Amurka inshorar gwamnati tana biyan sabon takunkumi da tiyo duk wata 3, maɗauri duk wata 6. A nan inda kowa daga aljihunsa yake saye, wanki ne ke ƙara musu kwana. Amma in robar ta yi danƙo, ko ta taurare, ko sai an tamke take kamawa, ta gama aiki. Can kuma ba a lissafa mutum cikin masu amfani da injin sai yana yin aƙalla awa 4 da shi a dare 21 cikin 30.

Saboda haka wanda nasa ke ƙarƙashin gado ya jawo shi, ya wanke, ya sassauta, ya sake gwadawa. In ya ƙi, ya ɗauki takunkumin a hannu ya koma wurin likitan da ya rubuta masa, a gwada a gabansa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Iyalin da aka bari a gida saƙo suke jira, da dawowar mai gida lafiya.