Kai Iyali Hutu Ƙasar Masar: A Fara Duba Watan Tafiya

A 'yan shekarun nan, magidanta da dama waɗanda Allah ya hore wa abin hannu sun ɗauki al'adar kai iyalinsu ƙasashen waje a lokacin hutun makaranta. Masar tana cikin ƙasashen da ake nufa, saboda kusancinta da kuma daɗaɗɗen zumuncin da ke tsakaninmu da ita. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka tanadi masauki a birnin Alƙahira domin alhazansu da ɗalibansu, har yau kuwa 'ya'yanmu suna karatu a Azhar, wadda aka aza harsashin masallacinta a shekarar 970.

Sai dai wajibi ne mai niyyar tafiya da ƙananan yara ya tuna cewa Masar hamada ce. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasar rairayi ne da duwatsu, mutanenta kuwa, waɗanda suka haura miliyan 100 tun shekarar 2020, kusan duk a gaɓar Kogin Nilu suke zaune. Saboda haka watan da aka zaɓa shi ne zai nuna ko yara za su more tafiyar ko kuwa a asibiti za ta ƙare.

Babban hutun makarantunmu yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, lokacin da mu nan muke tsakiyar damina. A can kuwa wannan shi ne ƙoƙoluwar bazara. A Alƙahira zafi yakan kai digiri 35, a garuruwan kudu irin su Luksor da Aswan, inda akan shekara ba a ga ruwan kirki ba, yakan wuce digiri 40 kusan kullum. Hutun watan Afrilu shi kuma yakan yi karo da wata busasshiyar iska mai ƙura wadda Misirawa ke kira Hamsin. Mafi dacewa shi ne hutun Disamba, ko da yake gajere ne. Rana tana da sauƙi, amma da dare sanyi yakan sauko wajen digiri 10, don haka sai a tafi wa yara da rigunan sanyi kamar na hunturu.

Wani zai ce ai yaron da ya tashi a Sakkwato ko Maiduguri ya san rana. Gaskiya ne, amma a gida da rana ta take sai ya nemi inuwa, ga randa kusa. A filin dalar Giza kuwa babu bishiya, kuma iska tana busar da gumi nan take, har ruwan jikin yaro ya ragu alhali shi bai ce yana jin ƙishirwa ba. Alamominsa su ne bushewar leɓe, da ƙarancin fitsari, da kasala. A riƙa ba shi ruwan kwalba a kai a kai. In gudawa ta kama shi, a haɗa lita 1 ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a riƙa ba shi, sannan a nemi likita. Kada kuma a bar yara su yi wanka a magudanan ruwan gonaki, don gudun tsargiya.

Wajen takardu, kowane yaro, har da na goye, sai da fasfonsa da bizarsa. Hukumomin Masar suna neman katin allurar shawara daga matafiyan Nijeriya, katin kuwa ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Masar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, saboda haka in yaro ya yi zazzaɓi a can, a gaya wa likita daga inda aka fito.

Shi kansa yawon, a tsara shi bisa ƙarfin ƙaramin cikin yara. Wuri guda a yini ya isa. A fita Giza da sassafe a ga babbar dala, wadda aka gina shekara wajen 4,500 da suka wuce, a komo masauki kafin azahar. In za a hau raƙumi, a yanke kuɗin hawa da na sauka tun ana ƙasa. Wata rana a nufi gidan adana kayan tarihi na Fusɗaɗ, inda aka mai da gawarwakin fir'aunoni a shekarar 2021, ga kuma masallacin Amru ɗan Asi a kusa. Da la'asar sakaliya a shiga kwalekwale mai filafilai a kan Nilu, wanda yara suka fi so.

Magidancin da aikinsa bai ba shi sarari ba sai a watan Agusta, to ya haƙura da kudu, ya tsaya Alƙahira da Iskandariya ta bakin teku, inda iska ke rage zafi. In kuwa akwai jariri ko mai ciki a cikin ayarin, gara a ɗaga tafiyar zuwa Disamba, domin da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.