MATAR DA KE JIKIN KWALI

Ranar kasuwa, in ka wuce rumfar masu hatsi da ta masu kanwa da gishiri, za ka iske teburin mai man shafawa. A jikin kowane kwali akwai hoton mace. Fara ce sol, hannunta ba kanta, gashinta ya sauka har kafaɗa, tana murmushi. A yawon da muke yi ƙauye ƙauye mun sha tsayawa muna kallon masu sayen wannan kaya. Matan da suka yi noma da shuka da girbi ne, da 'yan mata waɗanda suka yini suna tallan gyaɗa. Ko ɗaya daga cikinsu ba ta yi kama da matar da ke jikin kwalin ba. Amma ga shi suna kwance bakin zane, suna biyan kuɗin guminsu domin su zama kamarta.

Yadda talla ke aiki

Mai talla ya san ba za a sayi magani ba sai an yarda akwai ciwo. Saboda haka aikinsa na fari shi ne ya sa mace ta ga kamar akwai abin da ya rage mata. A hoto, da telebijin, da wayar hannu, farar macen ce take samun miji da mota da aikin ofis. A shekarar 2017 kamfanin Nivea ya yi tallan wani mai a Gana da Nijeriya, inda aka nuna fatar mace tana yin haske sa'ad da take shafa shi. Mutanen Gana suka ta da murya, suka ce a sauke allunan. A wannan shekara kuma Dove ya sa talla a Facebook, baƙar mace ta tuɓe riga sai ta koma Baturiya. Da surutu ya yi yawa, kamfanin ya nemi gafara.

Amma kada mu ɗora wa baƙi laifin duka. Mu ma muna da kirarin da ke cewa farar mace alkyabbar mata. Mai talla ya iske wannan magana a bakinmu, sai ya mai da ita hanyar kuɗi. Tun 1976 Fela Kuti ya yi waƙa mai suna Yellow Fever yana yi wa masu bilicin ba'a. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takarda wadda ta ce mata 77 cikin 100 a Nijeriya suna amfani da kayan sa hasken fata. A 2023 hukumar NAFDAC ta ce abin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan.

Abin da man ke yi wa jiki

Baƙin da ke fatarmu yana da aiki. Shi ne ke tare zafin rana, kamar yadda ciyawar da muke shimfiɗawa a gindin shuka ke tare wa ƙasa rana. Man bilicin yana hana jiki yin wannan baƙi. Wadda ke zaune a inuwar ofis ma tana cutuwa, balle wadda za ta yini a gona a tsakiyar bazara.

Abubuwa uku aka fi samu a cikin irin wannan mai. Na fari shi ne haidrokwinon. In an daɗe ana shafa shi, fuska takan yi tabo baƙi ƙirin wanda ya fi na dā duhu, yana kuwa da wuyar warkewa. Na biyu shi ne zaiba, wadda Turawa ke kira makuri. Tana shiga jini ta fata, tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma iya kai wa ɗan da ke ciki ko wanda ke shan nono. Na uku shi ne maganin da likita kan rubuta domin ƙaiƙayi da kumburin fata na ɗan lokaci, watau siteroyid. In an mai da shi man kullum, fata takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, ta riƙa tsagewa, miki ya ƙi warkewa. Yana kuma iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Ban da jiki, akwai hasarar aljihu. Wannan mai ba a gama shi, gama ranar da aka bari, launi ya komo. Kuɗin akuya, da na adashi, da ribar ƙuliƙuli, duk sukan bi ta wannan rami wata bayan wata. Hasara mafi girma kuwa ita ce ta zuciya. Yarinyar da ta tashi tana jin kunyar fatarta da kantar hannunta, da wuya ta ɗauki noma abin alfahari. Idonta yana birni tun ba ta gama firamare ba.

An taɓa yin irin wannan

Tsofaffinmu za su tuna da zamanin tallan madarar gwangwani. A hoto, uwa mai ado tana ba ƙaton jariri kwalba, har wasu kamfanoni suna sa wa masu sayar musu da kaya tufafin nas. Uwar ƙauye ta ga kamar ba da nono aikin marasa wayewa ne. Ta sayi gwangwani, ta dama da ruwan rafi, ta tsinka shi domin ya daɗe. Sai gudawa da tamowa suka yi ta ɗibar yara. A 1974 ƙungiyar War on Want ta Ingila ta buga rahoto a kan wannan ɓarna. A 1977 mutane a Amurka suka soma ƙin sayen kayan Nestlé. A 1981 taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya kafa ƙa'idar da ta hana tallata madarar jarirai ga jama'a. Ƙasashe 118 suka yarda, Amurka kaɗai ta ƙi.

Wannan ya nuna mana talla ba ta fi ƙarfin jama'a ba. Ga bilicin ma an soma. Kodebuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta hana haidrokwinon cikin kayan shafa a 2016. A 2020 kamfanin Unilever ya sāke sunan mansa Fair & Lovely ya koma Glow & Lovely. Amma doka tana birnin tarayya, tebur yana kasuwarmu. Abin da ya rage namu ne.

Abin da ƙungiyarmu za ta iya yi

Na ɗaya, kantin ƙungiyar gama kai kada ya ajiye man da ke alkawarin haske, kome ribarsa.

Na biyu, mu ƙi man da aka haɗa a gida aka zuba a roba ba suna, ba lambar NAFDAC. Wadda ta daɗe tana shafa mai, ta je asibiti a duba ta, gama mai irin na siteroyid ba a yanke shi rana ɗaya.

Na uku, muna da man kaɗanya da man gyaɗa da sabulun salo. Matanmu ne ke yin su. Kamfanonin ƙasashen waje suna sayen kaɗanya daga Afirka ta Yamma, su sa a kwalba, su sayar da tsada. Me zai hana ƙungiyar mata ta tace nata da tsabta, ta sa hoton ɗaya daga cikinta a jikin gwangwanin?

Na huɗu, wannan na maza ne. Mata da yawa sun faɗa mana maganar miji ko ta saurayi ce ta kai su teburin nan. Ɗan'uwa, yaushe rabonka da ka yaba wa matarka kamar yadda Allah ya yi ta? Abin da kake faɗi a kan matan telebijin, 'yarka tana ji.

A taro na gaba, a zo da kwali ɗaya ko kalanda, a ɗora a tebur, a tattauna a kan waɗannan tambayoyi. Wace ce wannan mata, wane aiki kuma take yi? Me hoton yake so matanmu su ji game da kansu? Wa zai ci riba in sun yarda? In kunne ya ji, jiki ya tsira.